Duwatsu Uku na Ƙofar Masallacinmu

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu tarar da juna. Mijina ya rasu wata Laraba da hantsi, dawa ta fara ja a gona, ba a kai ga girbi ba. Ni ko alif ban sani ba. Ɗan ƙanwata ne ke riƙe da alƙalami, malami ne har gemunsa ya soma furfura, ni kuwa ina faɗa masa daga bayan asabari domin ina cikin takaba. Na gaya masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya gyara mini baki.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan ce ba su zo ba. An zo daga Maska, an zo daga Bakori, 'yarmu da ke aure a Musawa ta iso kwana na uku ƙafafunta a kumbure. Zaure ya cika, tsakar gida ta cika. Mace za ta durƙusa gabana ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Kafin in buɗe baki ta riga ta juya tana tambayar ta kusa da ita wane marini ne ya rina mata zane. Akwai wadda ta yi ta rusa kuka har na tausaya mata, ana shigo da gumba sai kukan ya tsaya cak, ta miƙa hannu biyu. Maza kuma ina jin su ta katanga. Wannan ya ce, "Allah Ya jiƙansa, mutum ne da bai taɓa faɗa da kowa ba." Sauran suka ce haka ne. Ƙarya ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa kusa da shi yana aiki ba. Wani kuma, ƙasar kabari ba ta bushe a ƙafarsa ba, yana tambayar wa za a bar wa tsanin mamaci.

Kwana shida ina sauraro. An ambaci rumbunan da ya gina, an ambaci ganuwar da ya gyara shekarar da mahara suka dame mu. Ba wanda ya ambaci ƙofar masallaci. Ita ce kuwa abin da ya fi damunsa a duniya, ita ce kuma dalilin wannan magana tawa.

Mijina magini ne, ɗan magini. Garinmu yana gindin dutse, masallacinmu kuwa ya girmi kakan kowa. Gininsa na ƙasa ne kamar kowane masallaci, sai dai ƙofarsa ta yamma duwatsu uku ne suka riƙe ta, biyu a tsaye, ɗaya kwance a kansu. Wanda ya wuce ba abin da zai gani sai yaɓe mai santsi. A ƙarƙashin yaɓen nan akwai sassaƙa. A dutsen hagu mutum ne sunkuye da fartanya, bayansa zangarniyar dawa uku, kowace ƙwaya an fitar da ita ita kaɗai. A na dama zabuwa ce da 'ya'yanta a jere, ƙasansu damo ya ɗaga kai yana leƙensu. A na sama igiya biyu ne suka sarƙe daga wannan baki zuwa wancan, ba ka gane inda ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Ba wanda ya san mai aikin. Maguzawan bayan dutse suna cewa kakanninsu ne, tun kafin a yi salla a nan.

Zamanin da masu tutar jihadi suka iso ƙasar nan, an zo da guduma za a farfasa su, wai sura ce a ɗakin Allah. Surukina, uban mijina, ya ce idan aka doke su ƙofa za ta rufto, a ba shi kwana ɗaya. Da suka dawo suka tarar da bango sumul, suka wuce. Tun daga ranar aikin ya zama na gidanmu.

Ga yadda ake yi, a rubuta shi daidai. Yaɓen hawa biyu ne. Na ciki laka ce da toka da yashi mai laushi, ba ciyawa, ba makuba, don kada ta kama dutse ta ƙi saki. Na waje shi ne yaɓen da kowa ya sani, da makubarsa mai hana ruwa shiga. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, sai a kewaye ƙofar da zana, a jiƙa yaɓen tun da safe, a bar shi ya sha, a sake jiƙawa. Kwana na biyu a ɓare shi da yatsu. A wanke duwatsun da soso, a cire saiwa da hanyar gara, a bar su su sha iska yini guda. Kwana na uku a rufe. Idan aka bar tsohon yaɓe ya shekara biyu, damshi yana kwanciya a ciki ya riƙa cin fuskar dutsen. Ni ce mai ɗauko ruwa, shi ya sa na sani. Tun ina amarya nake ɗauka, har wuyana ya daina iya tulu na koma ƙwarya.

Kada wani ya ce bauta yake yi. Bai taɓa yi musu yanka ba, ko ɗigon fura bai taɓa zuba musu ba. Sahun farko yake salla. Na taɓa tambayarsa, shekarar farko, me ya sa yake wahalar da kansa a kan aikin arna. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke, zo ki sa yatsa nan." Na sa a kan ƙwayar dawa. Ya ce, "Dutsen nan idan na doke shi da gizago, gizagon ke jin jiki. Wani ya zauna ya fitar da wannan ɗaya bayan ɗaya. Ni ba addininsa na gada ba, aiki na gani wanda ya fi nawa."

Ya kuwa fi nasa, kuma abin yana ci masa rai. Wata shekara ya ce zai yi mini igiyar nan a bangon ɗakina, da laka ma, wadda ba ta gardama. Ya yi ya goge, ya yi ya goge. Da ya gama na ce masa ta yi kama da hanjin akuya. Kwana huɗu bai yi mini magana ba, tuwo ma sai in ajiye in tafi. A na biyar ya shigo ya tsaya yana kallon bangon, ya ce, "Akuyar ma mara lafiya." Hanjin yana nan har yau, ina kallonsa yanzu haka.

Mutum ne mai rowar magana, mai saurin fushi a kan aiki. Idan ya ga an ɗora tubali a karkace sai ya ture shi da ƙafa, ko na wane ne. Maganarsa kullum ita ce ƙarfe ba shi da kunya. Ko wuƙar yankan farce ba ya shiga bayan zanar nan da ita. 'Ya'yanmu maza ba su rayu ba, matan kuma aure ya kwashe su. Ya so ya koya wa 'ya'yan ƙanensa, suka zo shekara ɗaya, suka ga aikin zama ne da jira, ba kiɗa ba kirari, ba su sake zuwa ba.

Ƙanen nasa falke ne, mai jakuna, mai baki. Sun taɓa yin faɗan da duk unguwa ta ji, wato masu cewa bai taɓa faɗa ba har da waɗanda suka yi kallo. Ƙanen ya leƙa bayan zana ya tarar da shi yana cire laka daga idon zabuwa da tsinken kara, ya ce, "Yaya, kwana uku a kan ƙofa ɗaya? Ni a kwana uku na kai Zazzau."

Mijina ya ce, "Ka kai, ka dawo da me?"

"Da abin da ake ci. Kai fa? Kana yi wa zabuwar dutse kwalli."

"Fita. Ƙafarka tana kan tokata."

"Tokar ma ta gado ce?"

Sai mijina ya ɗebi laka cike da hannu ya yaɓa masa a sabuwar riga. Suka cakumi juna, tsofaffi biyu, zana ta faɗi a kansu. Liman ne ya fito ya raba. Liman ya san abin da ke wurin, amma duk shekara idan lokacin ya zo sai ya riƙa shiga ta ƙaramar ƙofar arewa. Ranar nan ma da zana ta faɗi, sama ya riƙa kallo yana cewa, "Ku tayar da zanar nan, ku tayar, iska tana shigar mini ido."

Akwai wata tsohuwa Bamagujiya, makauniya, da take zuwa duk shekara ranar shan iska. Jikanyarta ta jawo ta har gindin tsamiyar da ke nesa da masallaci, ta zauna, ba ta roƙon komai. Shekara uku mijina yana ganinta bai tanka ba. A ta huɗu, bayan an watse daga azahar, ya ce mini, "Je ki kamo hannun Iya." Na kawo ta bayan zana. Ta shafa mai fartanya tun daga kai har ƙafa, ta bi zangarniyar nan da yatsa, ta daɗe. Sannan ta ce, "Magini, ka wanke masa bayan kunne kuwa?" Ya ce, "Na wanke, Iya." Ta ce, "Ƙarya kake, ga ƙasa nan." Ya duba, akwai. Ya yi dariyar da ban cika jin irinta ba. Daga nan duk shekara sai ta zo ta duba masa aiki, har ta mutu. Da aka yi surutu wai ya shigar da arniya masallaci, ya ce waje ne, bakin ƙofa ne, kuma wanda ya fi ta ido a yatsa ya zo ya karɓi aikin.

Ciwonsa bai daɗe ba, kwana tara ne. Ya riga ya tanadi toka da yashin bana a bayan rumbu. Ana jibi zai rasu ya ce mini, "Ruwa ya ɗauke." Na ce ya ɗauke. Ya ce, "Kada ki bari su yi gaggawa." Na ce to. Ban san abin da na amsa ba.

Ranar sadakar bakwai da safe ƙanensa ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Matar Yaya, an tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Na yi shawara da mutane. Aikin masallacin da Yaya ya bari, yau za mu yi masa shi gayya, ladan ya tarar da shi a kabari."

Na ce, "Wa zai ɓare yaɓen?"

"Samari mana. Duk majiya ƙarfin gari na gayyato."

"Da me za su ɓare?"

Ya yi dariya. "Da haƙora, matar Yaya. Da me ake ɓare yaɓe?"

Na gaya masa. Na ce a jiƙa yau, a ɓare gobe da yatsu, kada ƙarfe ya kusanci wurin. Na ce idan ba za a iya ba a bar shi, in fita takaba in tsaya a kai, wata huɗu ba zai kashe dutse ba.

Ya ce, "An riga an dama fura, an kira makaɗa. In ce wa mutane su koma gida su jira bango ya sha ruwa? Ke dai riƙe tasbaharki ki yi masa addu'a. Tun yaushe mace ta zama magini?"

"Tun kana bin bayan jaki."

"To, ga shi jakin ya kawo ni. Ni ne babba a gidan nan yanzu."

Ya tafi. Ban jima ba na ji ganga. Gangar noma, a ƙofar masallaci, ran bakwai ɗin mutumin da ko tari ba ya so a yi masa idan yana wannan aiki. Makaɗi yana kiran sunayen samari yana zuga su, wa zai riga wa kai ƙasa. Haka ake gayya a gona, haka ake yi a ganuwa, su a ganinsu bango bango ne.

Wadda ta zauna da magini ta san ƙarar fartanya a kan ƙasa. Tana da taushi, kamar daka a turmin da ya cika. Ina zaune ina jin wannan, sai ƙarar ta sauya. Ta zama siririya, mai shiga haƙori. Sau ɗaya, sau biyu, sannan aka yi shewa.

Na miƙe. Yayar mijina, wadda ta girme ni, ta riƙe mini zane. "Ina za ki? Takaba fa kike yi!"

Na ce, "Takabar wa? Shi ake sara can."

"Ki ji tsoron Allah, mutane za su gan ki."

"Su gan ni."

Na fita ba takalmi. Ban san ƙafafuna suna da sauran gudu ba.

Ba zana, ba komai, ƙofar a tsirara gaban gari. Mai fartanya ba kai. Hannunsa yana ƙasa cikin ɓaraguzai. Zangarniya ɗaya ta ɓalle gaba ɗaya da faffaɗan ɓangare. Igiyar sama an tsinke ta a tsakiya da gizago, farin rauni kamar an ɓantare rogo. Da farko kuskure ne, na yarda, ba su san yaɓen bai kai kaurin tafin hannu ba. Amma da suka ga fuska ta leƙo sai abin ya zama wasa. Ɗaya yana ihu, "Ga aljani! Ashe tsohon nan gumaka yake ɓoye mana!" Na san shi. Mijina ne ya tayar wa uwarsa ɗaki shekarar da ruwa ya rushe shi, da ita da shi suna kwana a zaurenmu har aka gama. Shi ne ya ɗauki kan mutumin yana jefa wa abokinsa, abokin yana cafewa.

Dutsen dama ne kaɗai ba su kai gare shi ba, yaɓensa ya tsage amma bai faɗi ba. Na ratsa su na zauna a ƙasa na jingina bayana da shi.

Ganga ta tsaya. Na ɗauka kunya ce ta kama su. Ta kama su, amma ba ta dutse ba ce, tawa ce. Ƙanen mijina ya zo ya tsaya a kaina. "Kin tozarta mu! Mai takaba a bainar jama'a, gaban baƙi! Me za a ce da gidanmu a Maska?"

Na ce, "Ka ce su ci gaba. Ga bayana."

"Tashi, don girman Allah."

"Ka ce ladan zai tarar da shi a kabari. Ɗauki wancan kan ka kai masa."

Akwai wani malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya ce a ɗaga ni a ƙarasa aikin, sura ce, barinta zunubi ne a kan gari duka. Wasu suka ce haka ne. Har an fara matsowa sai ga Liman da sandarsa, ya tsufa ƙwarai yanzu. Wannan karon bai kalli sama ba. Ya daɗe yana duban ɓaraguzan.

Ya ce, "Abin da kuka fito da shi fili ba zan ce ban gani ba. Ku ƙarasa shafe na hagu da na sama, tun da kun iya." Sannan ya nuna bayana da sanda. "Wancan kuwa ƙasa nake gani. Malam, kai me kake gani?"

Malamin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai an san abin da ke ciki."

"Ban tambaye ka abin da aka sani ba."

Liman ya ce a toshe ƙofar yamma da tubali tun daga ƙasa har sama, a huda sabuwa ta kudu. Ya juyo gare ni ya sassauta murya. "Ki rufe shi yadda mai shi yake rufewa, sannan ki koma ɗakinki. Fitarki ta yau ni na ɗauke ta."

Aka tayar mini da zana ɗaya. Cikin duk masu ƙarfin nan ba wanda ya ɗauko mini ruwa. Yayar mijina ce, wadda ta riƙe mini zane ɗazu, ta zo da ƙwarya tana ɗingishi, ta koma ta kwaso toka da yashin da ya tanada. Ba kwana uku a hannuna, yini ɗaya aka ba ni. Na jiƙa, na jira iyakar abin da zan iya, na ɓare da yatsu har farcena ya yi jini. Zabuwa tana nan da 'ya'yanta, ba abin da ya same su. Na wanke su. Yayar mijina ba ta taɓa gani ba, shekarunta duka a garin nan. Ta ce, "Ashe haka yake?" Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Na kwaɓa lakar na rufe, na ƙara kauri fiye da yadda yake yi, tun da ba mai sake buɗewa. Kafin la'asar an fara jera tubali.

A hanyar komawa na bi ta inda ake dafa abincin gayya. Murhu ɗaya ya rasa dutse na uku, sai wata ta aika aka ɗauko daga ƙofar masallaci. Ɓangaren zangarniyar ne. Yana ƙarƙashin tukunya, ƙwayoyin dawar sun yi baƙi da hayaƙi. Da yamma aka kawo mini tuwon a akushi, wai sadakar mijina. Na ce a fitar da shi.

Ran arba'in ina ji ta katanga ƙanensa yana ba baƙi labari, wai shi ya ga ya kamata a adana dutsen Yaya a cikin bango, shi ya kai wa Liman shawara. Suka ce Allah Ya yi masa albarka, haka ɗan'uwa na gari yake. Ɗana mai alƙalami, rubuta cewa ƙarya yake. Rubuta kuma cewa a bangon yamma, hannun dama idan kana fuskantarsa daga waje, akwai dutse a ciki, duk wanda zai rushe wata rana ya ajiye ƙarfensa ya nemi ruwa.

Allah Ya jiƙan mijina, Ya yafe masa zafin ransa, Ya sanyaya masa makwanci, Ya haɗa shi da iyayensa cikin rahama. Liman da yayar mijina, Allah Ya saka musu da alheri. Sauran kuwa ban ce musu komai ba tukuna, an ce mai takaba ba ta mugun baki. Kwanakin takabata sun kusa cika.